Daga majami'a zuwa kasuwa: yadda Kiristoci ke ɗaukar aikin yau da kullum a matsayin ibada

Bahaushen da ke zaune a unguwar Briqueterie ta Yawunde, ko a zangon Kumasi, ko a Mundu da ke kudancin Cadi, ya san yadda safiyar Lahadi take. Maƙwabta sun ci ado, kowa da littafi a hannu, ana jiyo ƙararrawa da waƙa da ganga daga majami'a. Kafin azahar an watse, kowa ya kama gabansa. Ga wanda ya tashi yana jin kiran salla sau biyar a rana, tambayar takan zo da kanta: ashe ibadar Kirista ke nan, awa biyu ko uku a mako?

Mako guda awa 168 ne. Sujadar Lahadi, ko mai wa'azi ya ja da yawa, da wuya ta wuce awa uku. Tun farkon Kiristanci ana koyar da cewa sauran awa 165 ɗin ma na Allah ne, kuma a cikinsu ake gane ko abin da aka yi ranar Lahadi ya kai zuci. Noma, girki, ɗinki, renon yara, awon hatsi a kasuwa, jinyar mara lafiya, duk suna iya zama ibada. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma su kansu Kiristocin sun shafe ƙarnuka suna jayayya a kan yadda za a fahimci wannan koyarwa.

Kalma ɗaya mai ma'ana biyu

Da Ibrananci aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari, wato kashin farko na Littafi Mai Tsarki. Ibrananci kuwa ɗan'uwan Larabci ne. Kalmar da yake amfani da ita wajen hidimar da firistoci ke yi a Haikali, "aboda", ita ce kuma kalmar aikin gona da aikin ƙarfi. Saiwarta ɗaya da "ibada" da Hausa ta aro daga Larabci, da kuma "Abdu", wato bawa. Hausa ma tana da irin wannan, domin ana cewa bauta ga abin da bawa ke yi wa ubangidansa, ana kuma cewa bauta ga abin da mutum ke yi wa Allah.

A sura ta 2 ta Littafin Farawa, da wannan saiwar aka bayyana aikin da aka ba Adamu a gonar Aidan, na nomawa da kiyayewa. Malaman Kirista suna jan hankali ga jerin labarin: an ba mutum aiki tun kafin ya saɓa wa Allah. Abin da ya biyo bayan saɓon, a sura ta 3, shi ne wahalar aikin, ƙaya da gumi da ƙasa mai taurin kai. A fahimtarsu ke nan aiki kansa ba horo ba ne, yana cikin abin da aka halicci mutum ya yi.

Sura ta 19 ta Littafin Firistoci ta nuna yadda abin yake a aikace. Ta buɗe da kira ga jama'a su zama masu tsarki, sannan ta jero abin da tsarkin ya ƙunsa. A ciki akwai dokokin hadaya da ranar hutu, amma a tsakaninsu akwai umarnin kada manomi ya girbe gonarsa har gefe, ya bar kala domin matalauci da baƙo. Akwai hanin a kwana da ladan ɗan ƙwadago a hannu. Akwai umarnin riƙe ma'auni da mudu na gaskiya. Annabi Amos, makiyayi daga garin Tekowa wanda ya yi wa'azi a ƙarni na 8 kafin haihuwar Yesu, ya fi kowa zafi a kan wannan. Ya kwatanta 'yan kasuwar zamaninsa da masu ƙagara ranar hutu ta wuce domin su koma su tauye mudu su sayar da ƙaiƙayi a cikin alkama, ya kuma shaida musu cewa Allah ba ya karɓar bukukuwansu da waƙoƙinsu muddin suna danne talaka.

Masassaƙi da maɗinkin tanti

Bisharar Luka ta ce Yesu yana da kimanin shekara 30 lokacin da ya fara wa'azi a fili, kuma wa'azin bai wuce kamar shekara uku ba. Bisharar Markus ta nuna mutanen garinsu, Nazarat, sun san shi a matsayin masassaƙi. Kiristoci da yawa sun tsaya a kan wannan lissafi: wanda suke bi ya shafe mafi yawan rayuwarsa a ƙaramin gari yana sana'ar hannu, ba tare da wani ya rubuta labarin waɗannan shekarun ba.

Manzo Bulus, wanda wasiƙunsa suka cika babban ɓangare na Sabon Alkawari, maɗinkin tanti ne. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce a birnin Korinti ya zauna da wasu ma'aurata, Akila da Biriskila, suna sana'ar tare. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 12, ya ɗauki kalmomin hadaya da mutanen zamaninsa suka sani, na yanka dabba a kan bagade, ya juya su: abin da Kirista zai miƙa shi ne jikinsa da ransa, yana raye, kuma wannan ita ce sujadarsa. Sauran surar bayani ne a kan karɓar baƙo, taimakon mabukaci, zama lafiya da kowa da ƙin ramuwa. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa ya sa har ci da sha cikin abin da ake yi domin girmama Allah.

Akwai kuma sura ta 25 ta Bisharar Matiyu, inda Yesu ya kwatanta ranar shari'a. Abubuwan da aka auna mutane da su a wurin guda shida ne: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, saukar da baƙo, tufatar da mara sutura, duba mara lafiya, da ziyartar ɗan kurkuku. Babu ɗaya daga ciki da ake yi a cikin majami'a.

Hasali ma Kiristocin farko ba su da majami'u. Sun yi sama da shekara 200 suna taruwa a gidajen juna. Ɗaya daga cikin wuraren sujada mafi tsufa da masu tonon tarihi suka gano, a Dura-Europos da ke Siriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240.

Masu zuhudu da igiyar kaba

A ƙarni na 3 da na 4, wasu Kiristocin Masar suka bar gari suka shiga hamada domin kaɗaita da Allah. Fitattu a cikinsu su ne Antoni, wanda ya rasu a shekara ta 356, da Pakomiyus, wanda ya tsara zaman zuhudu na jama'a. Ba su zauna hannu rabbana ba. Suna tufka igiya, suna saƙa tabarma da kwando da ganyen dabino, kamar yadda ake yi da kaba a ƙasar Hausa, suna karanta Zabura da ka yayin da hannu ke aiki. Abin da suka sayar, da shi suke ci, su kuma yi sadaka.

A Italiya, Benedik ya kafa gidan zuhudu na Monte Cassino wajen shekara ta 529, ya rubuta ƙa'ida mai babi 73 wadda har yau ake bi. Ta raba yini tsakanin addu'a, karatu da aikin hannu. Ta umarci ma'ajin gida ya riƙa kula da tukwane da kayan aiki kamar yadda ake kula da tasoshin bagade. Ta ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya zo. Ta kuma gargaɗi masu sana'a a gidan kada su yi algus, su ma ɗan sassauta farashi ƙasa da na kasuwa. Daga baya aka taƙaita wannan tsari da kirari mai kalmomi kaɗan, addu'a da aiki.

Amma tsarin ya haifar da wata matsala da Benedik bai nufa ba. A Turai ta tsakiyar zamani mutane suka ɗauka cewa Kiristoci hawa biyu ne. Akwai na sama, limamai da masu zuhudu, waɗanda ake cewa Allah ya kira su. Akwai kuma na ƙasa, manoma da maƙera da matan aure, waɗanda ake gani kamar sun shagala da duniya.

Luta da mai girkin Paris

Wannan rabon ne Martin Luta, ɗan zuhudun Jamus da ya tayar da gyaran ikilisiya a 1517, ya ƙalubalanta. A rubuce-rubucensa na 1520 ya koyar da cewa duk wanda aka yi wa baftisma firist ne a gaban Allah, bambancin limami da maƙeri bambancin aiki ne kawai. Ya ɗauki kalmar "kira", wadda a da ta masu zuhudu ce, ya ba kowace halaltacciyar sana'a. Har yau kalmar Jamusanci ta sana'a, "Beruf", daga kalmar kira ta fito. A wani rubutu na 1522 a kan aure ya kawo misalin uban da ke wanke tsumman jariri mutane suna yi masa dariya, ya ce in da bangaskiya yake yi, Allah yana farin ciki da shi.

Hujjar Luta ita ce Allah ba ya bukatar ayyukan mutum, maƙwabci ne ke bukatarsu. Kirista yana roƙon abincin yini a addu'ar da Yesu ya koyar, amma abincin ta hannun manomi da mai niƙa da mai tuya yake zuwa. Saboda haka mai sana'ar da ya yi aikinsa da kyau, hannu ne da Allah ke ciyar da wasu da shi.

Katolika ma ba a bar su a baya ba. A 1609 bishop Fransuwa na Sales ya wallafa wani littafi domin mutanen gari, inda ya nuna cewa ibadar soja da ta mai sana'a da ta matar aure ba za su zama iri ɗaya da ta ɗan zuhudu ba, kuma kowacce ibada ce. Sai kuma Nicolas Herman, tsohon soja daga yankin Lorraine na Faransa, wanda ya shiga wani gidan zuhudu a Paris a 1640 aka sa masa suna Ɗan'uwa Loran. Ba shi da zurfin karatu, aka tura shi ɗakin girki, aikin da ba ya so. Ya yi shekaru a can, daga baya ciwon ƙafa ya sa aka mayar da shi gyaran takalma. Abin da ya koya wa kansa shi ne yin zance da Allah a zuci a tsakiyar hayaniyar tukwane, har lokacin aiki da lokacin addu'a suka zama ɗaya a gare shi. Bayan rasuwarsa a 1691 aka tattara wasiƙunsa da hirarrakinsa, kuma yau Katolika da Furotesta duk suna karanta su.

Babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya mayar da wannan koyarwar hukuma. Takardar da ya fitar a kan ikilisiya a watan Nuwamban 1964 ta ce kiran tsarki na kowa ne, kuma aikin mutanen gari, da zaman aurensu, har da hutunsu, hadaya ce idan an yi su cikin Ruhun Allah.

Yadda abin yake a wannan yanki

Ba sai an je Turai za a ga wannan ba. Charles de Foucauld, tsohon hafsan sojan Faransa, ya ga yadda Musulmin Maroko ke tsai da salla a tafiyar da ya yi a 1883 da 1884, kuma abin ya taɓa shi har ya zama ɗaya daga cikin dalilan komawarsa ga addinin da ya bari. Ya yi shekara uku a Nazarat yana aikin bara a wani gidan mata masu zuhudu, sannan a 1905 ya zauna a Tamanraset cikin Abzinawa, yana haɗa ƙamus na harshensu. An kashe shi a 1916, Fafaroma Faransis ya ayyana shi waliyyi a watan Mayun 2022. Masana tarihi suna tuhumar kusancinsa da sojojin mulkin mallaka, amma ƙungiyoyin da suka bi sawunsa, Ƙananan 'Yan'uwan Yesu maza da mata, sun riƙe abu guda daga gare shi: su zauna a unguwar talakawa, su yi aikin da maƙwabta ke yi, ba tare da wa'azi a fili ba.

A Keur Moussa, kimanin kilomita 50 daga Dakar, mabiya ƙa'idar Benedik sun kafa gida a 1963. Suna kiwon awaki suna yin cuku, suna da lambunan itatuwa, suna kuma ƙera kora, molon Mandinko mai tsirkiya 21, wadda suke raka Zabura da ita. A Koubri kusa da Wagadugu ana sarrafa madara, a Koutaba kusa da Fumban a Kamaru ana noman kofi.

A Nijar, asibitin Galmi da ke jihar Tawa, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, yana karɓar marasa lafiya daga Nijar da Najeriya, mafi yawansu Musulmi. Ga ma'aikacin jinya Kirista a irin wannan wuri, wanke gyambo da tsayuwar dare a kan mai naƙuda suna cikin abubuwa shidan nan na Bisharar Matiyu.

Wani misalin daga Maraɗi yake. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya da ya zo aiki da SIM a farkon shekarun 1980, ya ga yawancin itatuwan da ake dasawa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa a gonaki toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙasa. Idan aka rage tohon aka bar kaɗan masu ƙarfi, sai su zama itace. Dabarar, wadda ake kira sassaben zamani, tana da tushe a sanin manoma na da, kuma manoman ne, galibinsu Musulmi, suka yaɗa ta daga gona zuwa gona. An ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Rinaudo, wanda ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, yakan bayyana aikin a matsayin amsar addu'a da kuma kula da halittar Allah, wato aikin nan na nomawa da kiyayewa da aka ba Adamu.

Inda ake iya zamewa

Koyarwar tana da wuraren santsi guda uku, kuma Kiristoci sun faɗa a kowannensu.

Na farko, mutum ya ce tunda aikinsa ibada ne, ba ya bukatar addu'a ko taron Lahadi. Babu ɗaya daga cikin waɗanda aka ambata a sama da ya yarda da haka. Masu bin Benedik suna tsayawa addu'a sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare. Ɗan'uwa Loran bai bar lokutan addu'ar gidansu ba. Dokar ranar hutu ma tana nan domin tuna wa mutum cewa aiki ba Allah ba ne. Taron Lahadi shi ne wurin da ake wasa niyya, kamar yadda ake wasa lauje kafin a shiga gona. Musulmi mai karatu zai gane wannan da sauƙi, domin a wurinsa ma kyakkyawar niyya tana mayar da neman halal abin lada, amma ba ta ɗauke masa salla.

Na biyu ya fi muni. Nassin da aka fi jawowa a kan yin aiki da zuciya ɗaya kamar Ubangiji ake yi wa, a wasiƙar Bulus zuwa ga Kolosiyawa, bayi aka rubuta wa shi tun asali. Masu bayi a Amurka sun yi amfani da irin waɗannan ayoyi domin su sa bayinsu su yi shiru. Yau ma mai gida zai iya ce wa 'yar aikinsa ta yi haƙuri, Allah take yi wa, alhali ya riƙe mata albashin wata uku. Amsar tana cikin littafin da ya jawo. Wasiƙar Yakubu, sura ta 5, ta ce ladan masu girbi da aka danne yana kai ƙara gaban Allah. A 1891 Fafaroma Liyo na 13 ya fitar da wasiƙa a kan haƙƙin ma'aikata, a 1981 kuma Fafaroma Yohana Bulus na biyu ya jaddada cewa aiki domin mutum aka yi shi, ya kare albashi na adalci da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago. Idan aikin ɗan ƙwadago ibada ne, biyan sa a kan lokaci shi ne ibadar wanda ya sa shi aikin.

Na uku shi ne auna ibada da riba. A wasu majami'u na biranen Afirka ana wa'azin cewa dukiya alamar yardar Allah ce, talauci kuwa alamar raunin bangaskiya. Da wannan ma'auni masassaƙin Nazarat da mai girkin Paris duk sun faɗi. Tsohuwar koyarwar tana duba amana da amfanin aikin ga maƙwabci. Mai sayar da gero da ya cika tiya ya koma gida da riba kaɗan ya fi wanda ya tauye ta ya kai zakka mai tsoka majami'a.

Abin da maƙwabci ke gani

Ga Kiristocin da suke tsiraru, maganar ta wuce ta littafi. A Nijar, ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mafi yawan maƙwabtansu ba za su taɓa shiga majami'a ko su buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Abin da za su sani game da addinin shi ne malamar makaranta da ke zuwa aji a kan lokaci, da telan da ke mayar da ragowar yadi, da makanikin da ba ya sa tsohon ƙarfe ya ce sabo ne. Gani ya kori ji. Hausawa Musulmi da ke zaune a Duwala ko Akara sun san nauyin wannan ta nasu ɓangaren, domin su ma da cinikinsu da alkawarinsu ake auna addininsu.

A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. An ƙona majami'u gommai, mutane aƙalla goma suka rasa rayukansu. Ikilisiyoyi da dama sun koma yin sujada a gidaje da ƙarƙashin rumfuna, shugabanninsu suka yi kira da a yafe. Kwanaki kaɗan bayan haka mabiyansu suka koma kasuwa da asibiti da makaranta, suna sayar wa mutanen garin kaya, suna duba marasa lafiyarsu, suna koyar da 'ya'yansu. Sake gina majami'un ya ɗauki watanni, wasu shekaru. Ibadar sauran awa 165 kuwa ba ta jira gini ba.